Wa ke duba takunkumin iskar da ke saman kujerar jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan hawa jirgi tsakanin Kano da Jidda, kuma kullum sai an nuna mana takunkumin nan mai ruwan ɗorawa da aka ce zai faɗo idan iska ta yi ƙaranci. Ban taɓa ganin ya faɗo ba. Shin akwai mai duba shi kuwa, ko tun da aka ƙera jirgin yake rufe? Na ji an ce a 2024 Amurka ta sa a binciki dubban jirage a kan wannan. Mu da ake ɗauko mana tsofaffin jiragen haya lokacin aikin Hajji fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Akwai masu dubawa, kuma sana'ar da nake ci da ita ke nan, gyaran jiragen fasinja. Sai dai zan gaya miki abin da ba a cika faɗa wa fasinja ba: a yawancin jiragen da kike hawa, ainihin abin da ke ba da iskar ba mu da halin gwada shi. Ranar da muka kunna shi don mu ga ko yana aiki, ranar ya gama amfani. Duk tsarin bincikenmu an gina shi ne a kan wannan matsala.

Jirgin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yana tafiya ne a tsayin ƙafa 35,000 ko sama da haka. A can, oksijin ɗin da ke cikin iska yana nan yadda yake a ƙasa, kashi 21 cikin 100, amma matsin iskar ya ragu zuwa kusan rubu'in na bakin teku, kuma da matsi ne oksijin ke ratsa huhu ya shiga jini. Shi ya sa ake cusa iska cikin jirgi a matse, har jikinki ya ji kamar yana tsayin da bai wuce ƙafa 8,000 ba. Sababbin jirage irin Boeing 787 da Airbus A350 suna riƙe shi wajen ƙafa 6,000. Idan taga ta fashe, ko na'urar matsin ta lalace, wanda ke tsayin ƙafa 35,000 yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin hankalinsa ya daina yi masa aiki. A ƙafa 40,000, daƙiƙa 15 zuwa 20 ne. Mugun abin, ba ya zuwa da shaƙewa. Mutum ba ya jin numfashinsa ya tsaya, sai dai jiri, ko ma wani sakin jiki mai daɗi, hannu ya kasa kama abin da ido ke gani. Dalilin da ya sa ake cewa uwa ta fara sa nata kafin na ɗanta ke nan.

Idan na buɗe murfin da ke saman kujerarki, kusa da fitilar karatu, a Boeing 737 ko Airbus A320, ga abin da zan tarar. Wani gwangwanin ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa kusan taƙi guda, kwance a cikin maɗauransa. Dunƙulen sinadari ne a ciki, mafi yawansa sodiyam kuloret, an cakuɗa shi da ɗan garin ƙarfe da wasu sinadaran. A kansa akwai 'yar kunama mai sifirin irin ta bindiga, wani siririn fil ya tokare ta, a jikin fil ɗin kuma an ɗaura zaren da ya tafi zuwa kowane takunkumi. Takunkuman suna naɗe a gefe, kowanne da jakarsa ta leda da siririn tiyonsa. Da zarar matsin cikin jirgi ya faɗi zuwa kwatankwacin ƙafa 14,000, wani makunni mai auna matsi zai aika wuta zuwa sakatun, duk murafen su buɗe lokaci guda. Matuƙi ma yana da maɓallin da zai sake su da hannunsa. Faɗowar takunkumin kaɗai ba ta kunna komai. Sai kin fizgo shi zuwa fuskarki zaren zai zare fil, kunamar ta daki wata 'yar hular albarushi, sinadarin ya kama ci daga wannan kai zuwa wancan, yana fitar da oksijin ta matata zuwa cikin tiyo. Mutum ɗaya ya ja, duk takunkuman da ke kan gwangwanin sun samu. In kuma ya kama, ba mai iya kashe shi sai ya cinye, minti 12 ko 15, wasu 22, gwargwadon wanda kamfanin jirgin ya saya.

Mutane in sun ji minti 12 sai gabansu ya faɗi. Ya isa, domin aikinsa kawai ya riƙe ki har matuƙi ya sauko da jirgin zuwa ƙafa 10,000 inda za ki yi numfashi da kanki, kuma wannan saukowar ba ta cin rabin lokacin. Inda lissafin ke canzawa shi ne saman duwatsu masu tsawo, kamar Himalaya ko tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, inda ba dama a sauko nan take. Can ne ake buƙatar mai minti 22 ko tukwanen iska, tare da hanyar kaucewa da aka zana tun kafin a tashi. Jikin gwangwanin yana ɗaukar zafi har kusan digiri 260 a ma'aunin salshiyos, don haka za ki ji ƙauri kamar wani abu na ƙonewa, wani lokaci har da ɗan hayaƙi-hayaƙi na ƙurar da ta kwanta a kansa. Alamar yana aiki ce.

To, abin da yake kamar ashana, wanda gwajinsa shi ne ƙarshensa, yaya za a yi a amince da shi? Da farko dai, da shekarunsa. Masana'anta tana ɗibar samfuri daga kowane rukunin da ta ƙera ta ƙona, ta auna iskar da ya bayar, sannan ta buga ranar ƙira da lamba a jikin kowane gwangwani. Wa'adinsa yawanci shekara 12 ne ko 15, kuma daga ranar ƙira ake ƙirgawa, ko yana cikin jirgi ko yana kwance a sito. Wanda ya shekara huɗu a kan kanta kafin a ɗaura shi, waɗannan huɗun sun tafi. Ofishin da ke kula da tarihin jirgi yana da lambar kowane ɗaya a kwamfuta, da layin kujerar da yake, da ranar da dole ya sauka. Wannan wa'adin ba irin wanda ake roƙon ƙarin kwana a kansa ba ne. Shi kansa wa'adin ana sake duba shi: a 2015 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, EASA, ta rage wa wani samfurin da ke cikin jiragen Airbus shekaru daga 15 zuwa 10, bayan wasu kamfanoni sun kunna tsofaffin da suka cire sai suka ga wasu sun ƙi tashi. Ki lura da yadda aka gano. Wasu ma'aikata ne suka ƙona waɗanda aka riga aka sauke, suka ga abin da bai yi musu ba, suka kai rahoto maimakon su jefa a kwandon shara su yi gaba.

Sai abin da ido da yatsa ke iya gani, wanda nan ne yawancin aikina yake. A lokacin babban gyara, wanda muke kira duban C, jirgi yana shiga rumfar gyara ya yi makonni, a buɗe saman kujeru layi-layi. Kafin hannuna ya taɓa komai, sai na tokare kunamar da makarin tsaro, fil ne ko hula, gwargwadon samfurin, don kada gwiwar hannuna ta ja zare abin ya tashi a fuskata. Sannan in haska tocila a jikin gwangwanin. Akwai wani ɗan tsiri ko ɗigon fenti mai jin zafi: in ya koma baƙi, gwangwanin ya riga ya ci, ko da ba wanda ya sani. In duba lotsewa, in duba tsatsa, in karanta ranar ƙira da idona in gwada ta da wadda ke takarda, domin takarda da ƙarfe sukan saɓa, musamman a jirgin da ya bi hannun kamfanoni da yawa. In ɗan girgiza shi in ji ko maɗauran sun riƙe. Daga nan in warware takunkuman. Robar fuskar tana da taushi ko ta ƙandare? Igiyar da ke zagaya kai, in na ja ta tana komawa ko ta saki? Jakar ledar ta manne da kanta? Tiyon ya lanƙwashe har ya yi gwiwa, ko ya yi rawaya yana tsattsagewa? 'Yar alamar da ke nuna iska na wucewa, ta fashe? Ni a ganina, a ƙasashenmu waɗannan sassa masu taushi sun fi sinadarin saurin tsufa. Jirgin da ya wuni a rufe a filin Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, zafin da ke taruwa a saman rufinsa ba na wasa ba ne, roba kuma ba ta jure wannan shekara da shekaru kamar yadda za ta jure a ƙasar sanyi.

Mayar da su ma fasaha ce. Littafin gyara ya nuna yadda za a ninke jaka, inda za a naɗe tiyo, da ta inda zare zai bi. Wanda ya cusa su yadda ya ga dama don ya gama da wuri, ranar buƙata za su faɗo a harɗe, ko su maƙale a bakin murfi, fasinja kuma yana da rabin minti.

Abin da muke iya gwadawa da gaske shi ne sakin murafen. Kowane murfi yana da wani ɗan makari na gwaji da ake juyawa, yadda in sakata ta saki zai buɗe kaɗan kawai, takunkumi bai zubo ba. Sai a danna maɓallin ɗakin matuƙi, a bi jirgin daga gaba zuwa baya ana duba wanda bai buɗe ba. Makunnin mai auna matsi kuma ana haɗa masa na'urar da ke zuƙe iska, a ga ko ya amsa a daidai tsayin da aka tsara. In an gama, dole a mayar da kowane makarin gwaji, a cire kowane makarin tsaro, a ƙirga su su cika. Wannan matakin ne nake yawan nanata wa yaran da ke koyon aiki a hannuna. Gwangwani sabo fil, takunkumi lafiya lau, amma an manta hular tsaro a kan kunama: fasinja zai ja har zare ya tsinke, ba abin da zai fito, kuma daga waje ba wanda zai gane sai ranar da aka sake buɗewa.

Labarin da kika ji na 2024 gaskiya ne. A watan Yulin shekarar, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba da umarnin a duba jiragen Boeing 737 kusan 2,600 masu rajista a ƙasar, tsofaffin samfurin NG da sababbin MAX. Sinadarin lafiyarsa ƙalau. Maɗaurin da ke riƙe gwangwanin ne ke da wasu 'yan filalla masu kare zafi da aka liƙa da gam, kuma Boeing ta ce wani sabon gam da aka fara amfani da shi a watan Agustan 2019 yana iya barin gwangwanin ya zame daga mazauninsa har kusan santimita 2. Kaɗan ne a ido, amma zare da fil an auna su ne a kan gwangwanin da ke zaune daram, in ya gusa ana iya ja abin ya ƙi tashi. Aka ba kamfanoni kwana 120 zuwa 150, gwargwadon samfurin jirgi, su buɗe su duba da ido, su mayar da wanda ya zame, su canja maɗauran da abin ya shafa. Ni wannan labarin bai tsorata ni ba, ya ma ƙara mini natsuwa, domin an gano matsalar a ƙasa ne, kafin ta ci ran kowa.

Irin wannan umarni ba ya tsayawa a Amurka. Ƙa'idar duniya ita ce ƙasar da aka ƙera jirgi ta sanar, ƙasar da jirgin ke da rajista kuma ta tilasta. Jirgi mai rajistar Najeriya, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ce ke bin kamfaninsa, na Nijar kuma takwararta ANAC. Jirgin haya da aka ɗauko da matuƙansa daga wata ƙasa, hukumar ƙasarsa ce ke da alhakin farko, amma tamu tana da hurumin duba takardunsa da jikinsa kafin ta bar shi ya ɗauki alhazai, kuma ya kamata ta yi hakan da gaske.

Game da tsufan jirgi, Hajiya, shekarun jirgin ba su ne shekarun gwangwanin ba. Jirgi mai shekara 25 da ake kula da shi yana kan zubi na biyu ko na uku ne. Inda nake jin tsoro wani wuri ne dabam. Jirgi irin 737-800 yana ɗauke da gwangwani sama da 60, kuma tunda tare aka ɗaura su, kusan tare suke cika wa'adi. Kuɗi ne mai yawa a lokaci guda, da dala, ga kayan ba a ɗauko su a kowane jirgi saboda haɗarinsu, sai an yi oda da wuri. Kamfanin da ke fama da kuɗi, ga lokacin jigila ya matso, nan ne ake fara jin maganganu irin "a bari sai an dawo", ko a kawo na hannu mai arha wanda takardar shaidarsa ba ta cika ba. Injiniyan da ya san darajar lasisinsa ba ya sa hannu a kan wannan, ko da zai ɓata da manaja.

Abin da ya sa nake da zafi a kan sa hannu shi ne abin da ya faru ranar 11 ga Mayun 1996. Jirgin ValuJet mai lamba 592, samfurin DC-9, ya tashi daga Mayami zuwa Atlanta. Kafin nan, wani kamfanin gyara mai suna SabreTech ya sauke gwangwanayen da wa'adinsu ya cika daga wasu jiragen MD-80 na ValuJet. Takardar aikin ta ce a sa wa kowanne hular tsaro. Hulunan ba su a wurin, ga gaggawar a gama aiki, sai aka nannaɗe zaren a jikin gwangwanayen, aka sa hannu cewa an sa hula. Aka rataya musu koren kati na kayan da ake iya gyarawa. Wanda ya zo tattarawa bai san mene ne ba, ya zuba sama da 100 a kwalaye biyar, aka rubuta cewa fanko ne, alhali yawancinsu cike suke, wa'adi kawai ya ƙare. Aka loda su a rumbun kaya na gaba tare da tayoyin jirgi. Wani gwangwani ya kama ci. Zafinsa ya kama kwali, shi kuma yana hura wa wutar oksijin, na kusa da shi suka bi. Rumbun irin wanda aka tsara ne wuta ta mutu da kanta saboda rashin iska, babu na'urar jin hayaƙi, babu ta kashe gobara, ga shi an zuba masa abin da ke ƙera iskar da kansa. Kimanin minti 10 da tashi jirgin ya faɗa fadamar Everglades, mutum 110 da ke ciki ba wanda ya tsira. Hular da aka rasa, 'yar roba ce da kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Bayan wannan aka haramta ɗaukar irin waɗannan gwangwanaye a matsayin kaya a jirgin fasinja, aka kuma tilasta sa na'urorin jin hayaƙi da kashe wuta a rumbunan kaya. A yau wanda aka sauke ana ɗaure shi a kan ƙarfe, a fili, nesa da mai da duk abin da ke kamawa, a ja zarensa da gangan ya cinye, ya huce, sannan a zubar da shi a matsayin shara mai guba. In kin taɓa jin ma'aikacin filin jirgi yana tsananta tambaya a kan wani kwali da aka ce "kayan gyara ne kawai", daga irin wannan tarihin abin ya samo asali.

Manyan jirage da yawa, irin wasu Boeing 747 da Airbus A380, waɗanda akan gani a jigilar Hajji da Umara, tukwanen iska suke amfani da su a jere a ƙarƙashin bene, bututu ya rarraba zuwa kujeru. Boeing 787 kuma ƙananan tukwane ne a saman kowane layi. Manyan tukwanen ƙarƙashin bene sun fi sauƙin bincike ta fuska ɗaya, domin suna da geji: cikakkiyar tukunya tana nuna wajen 1,850 a ma'aunin psi na matsin iska idan zafi yana digiri 21, kuma ana gyara lissafin da jadawali idan rana ta yi zafi, kada zafi ya kumbura allura a ɗauka tukunya cike take. Ana sauke su duk shekara 3 ko 5, gwargwadon irin ƙarfen, a cika su da ruwa a matsa fiye da ƙarfin aikinsu a ga ko sun buɗe. Wasu suna da iyakar rayuwa, shekara 15 ko 24, daga nan sai yankawa. A jikin jirgi ta waje akwai wani ɗan koren faifai da injiniya ke dubawa in yana zagaye: in babu shi, tukunya ta yi amai saboda matsi ya yi yawa. Duk da haka, ranar 25 ga Yulin 2008 tukunya ɗaya ta fashe a jirgin Qantas samfurin 747 bayan ya tashi daga Hong Kong, ta huda jikin jirgin, matsi ya zube, suka sauka a Manila ba a rasa rai ba. Tukunyar ta faɗa teku, masu bincike na Ostareliya ba su samu sun tabbatar da abin da ya fasa ta ba.

Babban abokin gabar oksijin mai matsi shi ne maiƙo. Giris, man inji, ko basilin ɗin da muke shafawa da hunturu, in ya haɗu da oksijin tsantsa a bakin bawul yana iya kamawa ba tare da an kawo wuta ba. Don haka kayan aikin oksijin akwatinsu dabam, hannu a wanke, safar hannu mai tsabta, bawul kuma a buɗe shi a hankali. Ke fasinja man da ke fuskarki ba abin damuwa ba ne, iskar da ke zuwa takunkumi ba ta da wannan matsin. Iskar da ake cikawa ma ta musamman ce, tsarkinta kashi 99.5 cikin 100, busasshiya ƙarau, saboda laima tana daskarewa a sama ta toshe hanya. Ta masu walda ba ta shiga jirgi. A watan Yulin 2011 wani Boeing 777 na EgyptAir da ke shirin tashi daga Alƙahira zuwa Jidda ya kama wuta a ɗakin matuƙi yana tsaye a ƙasa, wutar ta huda jikin jirgin, Allah Ya sa kowa ya fita. Bincike ya karkata ga tiyon oksijin na matuƙa da wayar lantarki da ke kusa da shi, aka kuma sa a canja irin waɗannan tiyo da wanda lantarki ba ya bi.

Tsakanin manyan gyare-gyare ma ba a zaune ake ba. Kafin kowane tashi matuƙa suna gwada nasu takunkuman, waɗanda tukunyarsu dabam take, kuma an tsara su yadda za a sa da hannu ɗaya cikin daƙiƙa 5. Ma'aikatan cikin jirgi suna duba gejin ƙananan tukwanen hannu da ɗan ƙarfen da ake zura wa murfin da ya ƙi buɗewa. In aka samu murfi ɗaya da matsala kuma babu kayan gyara a kusa, ƙa'ida ta yarda jirgi ya tashi amma a hana zama a kujerun da ke ƙarƙashinsa. In kin ga layi guda an ɗaure shi da tef alhali jirgi cike yake, wataƙila dalilin ke nan. Doka kuma ta ce takunkumai su fi kujeru yawa da aƙalla kashi 10 cikin 100, shi ya sa layin kujera uku yakan zama da huɗu. Wannan rarar ita ce ta jaririn da ke kan cinya. Don haka idan an raba mata biyu masu goyo an ce ba za su zauna a layi ɗaya ba, ba wulaƙanci ba ne, takunkumi ne ba zai isa ba. Ban-ɗaki ma yana da nasa.

Akwai iyakar abin da wannan tsari zai yi, kuma hatsarin jirgin kamfanin Helios ya nuna ta. Ranar 14 ga Agustan 2005 wani Boeing 737 ya tashi daga Larnaka ta ƙasar Saifurus zuwa Atina. Masu bincike sun gano cewa makunnin matsin iska yana kan "na hannu" tun bayan wani gwaji da aka yi a ƙasa, matuƙan kuma ba su lura ba. Ƙararrawa ta yi ƙara, suka ɗauka ta wata matsala ce dabam. Takunkuman fasinja sun faɗo yadda aka tsara, amma matuƙan ba su sa nasu ba har suka suma, jirgin ya ci gaba da hawa da kansa zuwa ƙafa 34,000. Mintunan gwangwani suka ƙare jirgi bai sauko ba. Ya yi ta kewaya saman Atina har mai ya ƙare, mutum 121 suka rasu. Daga baya aka ƙara fitilar gargaɗi ta musamman a irin waɗannan jirage don kada a sake rikita ƙararrawar biyu.

Naki aikin ɗan kaɗan ne, amma ba mai yi miki shi. In ya faɗo, ki fizgo shi da ƙarfi har ki ji zaren ya saki, ki rufe hanci da baki duka, ki zagaya igiyar a bayan kai ko a kan mayafi, ki ja bakinta ta kama. A watan Afrilun 2018, lokacin da injin wani jirgin Southwest ya tarwatse ya fasa taga a Amurka, hotunan da suka fito sun nuna fasinjoji da yawa sun rufe baki kawai sun bar hanci a waje. Jakar ledar ba lallai ta kumbura ba, iska tana wucewa ko da ta kwanta. Kada ki miƙa hannu cikin ramin da ya fito, gwangwanin yana ƙuna. In naki murfin bai buɗe ba, ki kama rarar da ke layin kusa, kada ki tsaya jiran ma'aikaciya, ita ma an umarce ta ta fara sa nata ta zauna. In kuma hayaƙi ne ya cika jirgi kika ga ba a saki takunkumai ba, da gangan ne: suna haɗa oksijin da iskar cikin jirgi, ba sa tace hayaƙi, ga shi za su ƙara wa wuta ƙarfi. A wannan halin sai ki sunkuya ƙasa, ki rufe hanci da gefen mayafi, in da ruwa ki jiƙa shi. In kuwa kin shiga jirgi kika ga murfin saman kujerarki ya ɗan buɗe, ko an liƙe shi da tef, ko zare na leƙowa, ki gaya wa ma'aikatan tun ƙofa ba ta rufe ba, domin a lokacin injiniya yana nan ƙasa kusa da jirgin, za a iya kiransa ya hau ya duba.